Kafin ka goge sabar, duba ƙofa

1/ 'Yan ajinmu masu furojek, wallahi na gaji da ganin ana goge sabar gaba ɗaya, data ta tafi a banza, alhali matsalar ƙofa ce kawai.

2/ Ni da ss -tlnp nake farawa, in ga wa ya tare ƙofa 80. In Apache ya riga ya kama ta, Nginx ba zai tashi ba.

3/ Sai adireshi: 127.0.0.1 'yan gida kaɗai yake saurara, 0.0.0.0 ne ke karɓar baƙi.

4/ Sai katangar tsaro: a buɗe 80 da 443. Amma don Allah buɗe 22 kafin ka kunna ufw, kar ka kulle kanka a waje ana gobe difens.