Zuwa Azare Neman Makin Yara

Wata Juma'a ce cikin Janairun 2021 na yi sammako zuwa tashar Unguwa Uku, jaka a kafaɗa, takunkumi a fuska, hazo ya lulluɓe Kano. Azare na nufa. Kwana biyu kafin nan Hajiya, shugabar wata makarantar firamare mai zaman kanta a can, ta kira ni, muryarta na rawa.

"Injiniya, wasan lissafin nan da ka yi mana ya mutu. Ko'ina muka buɗe sai wata alama a tsakiyar allo. Makin yaranmu na shekara goma sha ɗaya fa yana ciki."

Na san abin da ya kashe shi. A 2010 na gina wasan da manhajar Flash: mangwaro na faɗowa daga bishiya, yaro ya ja shi da linzami ya jefa a kwando, ya ƙirga, ya rubuta amsa. A wancan zamanin duk mai son hoto ya motsa a shafin intanet, wajen Flash yake zuwa. Kamfanin Macromedia ne ya raine ta tun 1996, Adobe ya saye kamfanin a 2005. A shekarar da nake zana mangwarona Steve Jobs ya fitar da wasiƙar da ya bayyana dalilinsa na hana ta shiga iPhone. A 2017 Adobe ya sanar cewa ƙarshen 2020 zai janye hannu, kuma daga 12 ga Janairun 2021 manhajar da kanta ta daina buɗe komai. Wannan sanarwa ba ta taɓa isa ofishin Hajiya ba, kuma ni ya kamata in kai mata ita.

A Wudil muka maƙale. Ranar kasuwa ce, manyan motoci cike da shanu sun toshe hanya tun kafin gada. Wani dattijo da ke gefena, mai sayar da fata, ya tambaye ni sana'ata. Da na ga bayanin zai yi nisa sai na ɗauko masa gidansa. Na ce, "Baba, in baƙo ya zo wurinka, ina yake tsayawa?" Ya ce a zaure mana. Na ce in yana son ruwa fa? Ya ce a aiki yaro cikin gida. Na ce to aikina ke nan. Hoton da ke motsi a gaban ɗalibi shi ne zaure, an share shi an yi masa ado. Rumbun bayanai yana can ƙurya, inda ake ajiye suna da maki. Tsakaninsu akwai ɗan aike, 'yar ƙaramar manhaja da na rubuta da PHP, ita kaɗai ke riƙe da makulli.

Dattijon ya ce, "In ka ba zaure makullin fa, ba ka huta ba?"

Tambayar ta yi mini daɗi, don a nan masu koyo da yawa ke faɗawa rami. Fayil ɗin Flash sauka yake yi a kwamfutar duk wanda ya buɗe shafin, kuma akwai manhajojin da ke warware shi a karanta abin da ke ciki. Wanda ya rubuta kalmar sirrin rumbu a ciki ya rataye makulli a ƙofar gida. Shi ya sa ko makin ma ban bar wa wasan ya yanke ba. Amsar yaro kawai yake miƙawa, ɗan aike ya duba daidai ce ko kuskure, sannan ya rubuta a rumbun, wanda na gina da MySQL. Ɗan aiken kuma ba ya haɗiye duk abin da aka ba shi, domin mai mugun nufi na iya cusa umarni a gurbin suna ya share rumbun gaba ɗaya.

Muka wuce Shuwarin da Kiyawa, muka haye kogin Jama'are da ya ja baya ya bar rairayi. Bayan an sauko daga masallaci na shiga Azare.

Hajiya ba ta bari na sha ruwa ba. Ta kai ni wani ɗan ɗaki inda tsohuwar kwamfutar da ke riƙe da komai take, ƙura ta yi mata rawani. Aka tayar da janareto. Ban ko kalli wasan ba, kai tsaye rumbun na buɗe. Layuka suka zubo, aji bayan aji, zango bayan zango, tun daga 2010.

"Ranki ya daɗe, zo ki gani. Ba abin da ya ɓata."

Ta dafa tebur ta yi hamdala, ta daɗe ba ta ɗago ba.

Daren nan da wunin Asabar na yi su ina gina sabon zaure da HTML5 da JavaScript, waɗanda kowace manhajar shiga intanet ke karantawa ba tare da an ɗora mata wani abu ba, har ta waya. Ɗan aiken gyara kaɗan ya buƙata: na koya masa amsawa da tsarin JSON, na ƙara tsaurara yadda yake tace saƙo. Na kuma sa wasan ya riƙe amsar yaro a kwamfutar da yake kai in sadarwa ta yanke, ya aika in ta dawo, saboda na ga yadda wuta ke yi a unguwar.

Sai dai na yi gaggawar cewa ba abin da ya ɓata. Ina duba sunaye na ci karo da "?ahiru", can ƙasa "?asimu", sai "?ayyabu". Jikina ya yi sanyi. Lokacin da na kafa rumbun na bar shi a kan tsarin haruffan da MySQL ke zuwa da shi a wancan zamani, latin1, wanda aka yi domin harsunan Yammacin Turai. Babu ɗ a cikinsa, babu ƙ, babu ɓ. Duk malamin da ya yi ƙoƙari ya rubuta sunan yaro daidai da lanƙwasarsa, rumbun ya maye harafin da alamar tambaya. Waɗanda suka rubuta d da k kawai, nasu ya tsira. Wannan ya fi mutuwar Flash ci mini rai, domin mangwaro na sake zana shi cikin kwana ɗaya, amma harafin da aka jefar shekara da shekaru babu umarnin da zai dawo da shi. Sai MySQL na 8, a 2018, aka mayar da utf8mb4 tsarin farko, wanda ke ɗaukar haruffanmu duka. Na juya rumbun zuwa gare shi, na gwada da sunan Ɗahiru, ya zauna daram.

Na faɗa wa Hajiya gaskiya, na ce sakacina ne. Ba ta ce komai ba, ta aika a buɗe kabad. Aka fito da tsofaffin rajistocin aji masu baƙin bango, wasu gara ta taɓa gefensu. Ranar Lahadi da safe, maimakon in kama hanyar Kano, muka zauna ni da ita da malamai biyu. Ita tana karanto suna daga takarda, ni ina nemo shi a allo ina mayar masa da harafinsa. Wani sunan in ta karanta sai ta tsaya ta ce wannan yana jami'a yanzu, wannan an yi mata aure bara, wannan Allah ya yi masa rasuwa. Da aka kira azahar muna kan rajistar 2013.