SHAFINA NE KO NA KAMFANI?

Jiya bayan La'asar manajanmu ya kira ni: "Malam, don Allah goge abin nan da ka rubuta." Na goge. Amma wallahi har yanzu raina bai kwanta ba.

Masu bibiyata sun san aikina. Wakilin wani kamfanin taki da maganin ƙwari ne ni, ina zagaya kasuwannin Makarfi, Ikara da Hunkuyi. Abin da na rubuta ba zagi ba ne. Cewa na yi in sharon ta shiga gonar tumatir, kada manomi ya nace wa magani guda, domin tsutsar tana sabawa da shi. A riƙa sauyawa, ko da na wani kamfanin ne. Wannan "ko da" ɗin ce laifina.

Wanda ya ga 2016, shekarar da gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci kan tumatir, ya san sharon ba abar wasa ba ce. Na ga magidanta a Kudan sun tsaya a bakin gona sun rasa abin cewa.

Gaskiya na sa hannu a takardar da ta ce ba zan yi maganar kayan kamfani a intanet ba sai da izini. Amma duk Litinin ana turo mana talla a WhatsApp, a ce kowa ya ɗora a shafinsa kamar daga bakinsa ta fito. Me ya sa ba a shafin kamfani ba? Saboda sun san manomi ni ya sani, ni ya yarda da shi.

Na tuna Salihu Tanko Yakasai, Dawisu. Yana mai taimaka wa Gwamna Ganduje ya soki gwamnatin APC bayan sace 'yan matan Jangebe a Fabrairun 2021, aka sallame shi. Lokacin har da ni cikin masu cewa wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Yau abin ya zo ƙofata.

Ban ce kamfani ba shi da haƙƙi ba. Sirrin farashi da lissafinsa amana ce, ba zan fitar ba. Amma ba zai yiwu ka ari bakina ranar talla, ka ɗinke shi ranar gaskiya ba. Gobe in gonar wani ta ƙone, manaja yana ofis, ni zan haɗu da mutumin a masallaci.

Don haka daga yau na daina ɗora tallansu a nan. Ina da iyali, kuma ban san yadda za ta kaya ba.

Manoma kuwa, in mun haɗu a kasuwa ku tambaye ni, zan faɗa muku baki da baki.

Ku da kuke aikin kamfani, haka ake muku? Allah ya ba mu halaliyarmu cikin mutunci.