Teku a Falon Yaya

Ku matso, ƙawayena, ku gyara zama, a ƙaro mana shayin nan, don yau hirar gidan kifin Yaya za mu yi, wanda dukkanmu muka sa wa hannu. Kun dai san halin kayan gwanjon nan na France au revoir, in kwantena ta iso daga Lome ko Tema sai mutum ya fita neman firji ya dawo da abin da bai taɓa mafarkinsa ba. To, ita Yaya gidan kifi na gilashi ta kinkimo mana har Zongo, tsawonsa mita 1, da teburinsa na ƙarfe, kuma na kifin teku ne. Teku fa, a Wagadugu, garin da sai an yi tafiyar kusan kilomita 1,000 kafin a shaƙi iskar ruwan gishiri! Muka yi ta ƙyalƙyala dariya, amma wallahi babu wadda zuciyarta ba ta kamu ba.

Kun tuna kamanninsa ranar farko? Gilashin ya yi fari fat da busasshen gishiri, ga wasu tabo-tabo ruwan hoda sun manne a kusurwa, in kin shafa sai ki ji kaushi a yatsa. Ashe gansakukar teku ce mai alli a jikinta, ta bushe tun a gidan mai shi na farko. Autarmu ta ɗauko sabulu da saurinta, Yaya ta riƙe mata hannu, ta ce a'a 'yar lele, ɗan abin da zai maƙale ma ya isa ya kashe kifi. Ruwan khal muka jiƙa tsumma da shi muka lulluɓe gilashin, allin ya yi laushi, sannan muka bi shi da reza a kwance, sannu sannu. Wannan ƙarar ta reza a kan gilashi, wayyo, har yanzu tana sa ni tsikar jiki.

Ni dai abin da ya fi tsaya mini a rai teburin ne, kuma shi ne kowa ke rainawa. Ku lissafa tare da ni: tsawon gidan kifin santimita 100, faɗi 40, zurfi 50, ruwa lita 200 ke nan, wato kilo 200. In aka haɗa da gilashi da yashi da duwatsu, nauyin ya kai buhu biyar na siminti, a tsaye dare da rana a falon da yara ke guje-guje. Gishiri kuwa ba ya raga wa ƙarfe, ƙafafun baya duk tsatsa ta cinye su ta ƙasa, in kin danna da ƙusa sai ɓawo ya zubo. Muka kai wa mai walda ya yanke ruɓaɓɓen wurin, ya ƙara sanda a gicciye ta baya don kada ya yi rawa, aka goge tas, aka shafa jan fentin hana tsatsa kafin baƙi ya hau. Da aka dawo da shi sai Yaya ta aro ɗan ma'aunin magina mai kumfa a ciki, ta durƙusa tana cusa falle-fallen katako har kumfar ta tsaya a tsakiya, domin gilashi in ya karkace da ruwa a ciki, tsagewa yake yi. Muka shimfiɗa farin soson nan na kwalin talabijin a sama, sannan hankalinmu ya kwanta, kai, alhamdu lillahi.

Sai liƙi. Sabon silikon ba ya kama tsoho, dole a kankare na cikin kusurwa gaba ɗaya, amma ba a taɓa siririn da ke tsakanin gilashi da gilashi, shi ke riƙe da gidan. Kuma ba a sa na banɗaki, mai maganin fumfuna, guba ne ga kifi. Warinsa mai tsami ya kore mu tsakar gida, muna fifita da mayafi muna tari muna dariya. Bayan ya bushe sosai muka cika shi da ruwa a waje, muka sa takarda a ƙarƙashi, kowace safiya wata ta leƙo ta shafa. Ko ɗigo babu, sai guɗa!

Ni har na tuna iyayenmu na Zangwetin, da aka rushe unguwar a 2003, yadda suka kwashe tsofaffin gadaje da kabad suka gyara su a sabon wuri, ba su yar da komai ba. Hannun gyara dai gado muka yi, ko ba haka ba?

Yanzu ga inda zancen ya yi nauyi, 'yan uwa. Ruwan teku yana da gishiri kamar giram 35 a kowace lita, namu zai ci kilo 7, kuma ba na miya ba, haɗi ne na musamman da ake shigo da shi. Ruwan famfon da ke zuwa daga dam ɗin Ziga sai an tace shi tukuna. In ruwa ya ƙafe da hunturu, ruwan daɗi ake ƙarawa, don gishirin ba ya tashi. Kifin murjani kuma yana son ruwa tsakanin digiri 24 da 27, mu da Afrilu ke kai mu sama da 40, a daidai lokacin da aka fi ɗauke wuta, injin iska ya tsaya cak. Raina na son ɗan kifin nan ruwan lemo mai fararen ɗamaru, Allah ya sani, amma ba zan iya kallonsa yana haki a saman ruwa ba. Shi ya sa na goyi bayan Yaya da ta ce babu mai rai da zai shiga sai an kafa sola da batir, an kuma samo abin sanyaya ruwa.

Dama ko an zuba ruwan, sai ya yi mako huɗu zuwa shida babu kifi, ƙwayoyin da ke cinye dattin su hayayyafa tukuna. Yara kam sun ƙosa, kullum sun manna hanci a gilashi suna tambayar ina kifin yake. Autarmu ta ce a kamo musu karfasa daga dam ɗin Tangin su rage zafi, Yaya ta harare ta ta ce wannan kafin la'asar tana cikin tukunya. To, wa ke da tafiya Lome cikin watan nan? Ta shirya, kilo 7 na gishiri na jiran kanta, hahaha!