Kafin Ka Shafa Wa Kanka Magani

Gashin kai yana da sunaye da yawa a Hausa. Idan ya yi yawa ya cika kai, sai a ce suma. Idan ya yi fari saboda shekaru, furfura ke nan. Idan kuwa ya zube ya bar fatar kai tana ƙyalli, sai a ce mutum ya yi sanƙo. Wannan kalma ta ƙarshe ba kowa ke son a jingina masa ita ba, namiji ko mace. Shi ya sa masu sayar da man shafawa ba sa rasa ciniki. Za ka gan su a tashar mota da bakin kasuwa, har da cikin bas mai zuwa Ibadan daga Legas, kowa da kwalbarsa a hannu, yana rantsuwa cewa cikin mako biyu gashi zai tsiro.

Ɗalibina, kafin ka miƙa kuɗinka, ka san cewa zubewar gashi ba ciwo ɗaya ba ce. Dalilanta sun bambanta, saboda haka maganinta ma ya bambanta. Wanda ya shafa magani bai san dalili ba ya yi asarar kuɗinsa, wani lokaci ma har da ɗan gashin da ya rage masa.

Da farko, ba kowace zubewa ce ciwo ba. Akwai silin gashi wajen 100,000 a kan mutum. Kowane sili yana fitowa daga tushensa da ke cikin fata, ya yi shekara biyu zuwa shida yana girma, sannan ya huta kamar wata uku, ya faɗi, wani ya fito a gurbinsa. Don haka sili 50 zuwa 100 suna faɗuwa kowace rana daga kan mai cikakkiyar lafiya. Haka nan wanda ya yi zazzaɓi mai tsanani, ko matar da ta haihu, sukan ga gashi yana zuba da yawa bayan wata biyu ko uku. Irin wannan yakan dawo da kansa cikin 'yan watanni. Abinci mai gina jiki da haƙuri sun fi kowace kwalba amfani a nan.

Akwai kuma makero, wanda na fi gani a kan yaran aji ɗaya da aji biyu, musamman a makarantar kwana. Makero ƙwayar cuta ce dangin fumfuna. Yakan fito zagaye kamar kwabo, da farin gari a kansa, gashin wurin ya kakkarye. Ana ɗaukarsa ta hanyar mataji, da hula, da matashin kai, da injin askin da ba a tsabtace ba. Abin lura shi ne, cutar tana shiga har cikin silin gashi, inda man shafawa ba ya kaiwa sosai. Saboda haka likita yakan ba da maganin sha na makonni, ya haɗa da sabulun wanke kai don kada a harbi wasu. Na ga yaron da aka shafa wa man birki a gida don a kashe makero. Fatar ta ƙone, makeron kuma yana nan. Ka guji wannan, ka guji kananzir da ruwan batir.

Yanzu ke ɗalibata, wannan sashe naki ne. Kitso ado ne, kuma kowace al'umma a ƙasar nan tana da nata. Amma idan makitsiya ta ja gashi har goshi ya ɗaure, kika kwana kanki yana ciwo, ko ƙananan ƙuraje suka fito a bakin kitson, to tushen gashin yana shan wahala. Gashin ƙari mai nauyi yana daɗa wannan wahala, haka ma man miƙar da gashi idan ya ƙona fata. Zubewar takan fara daga gaban goshi da saman kunnuwa. A farkon lamari, idan aka sassauta kitso aka bar kai ya huta, gashin yana dawowa. Idan kuwa aka yi shekaru ana ja, tushen yakan mutu, tabo ya maye gurbinsa, kuma babu man da ke tsirar da gashi a kan tabo. Na koyar da wata yarinya da ba ta cire ɗankwali ko a filin wasa, don goshinta ya riga ya ja baya tun tana shekara 16. Mahaifiyarta ta sayi mai iri-iri, alhali duk ƙarshen mako ana sake yi mata kitso mai tsauri. Sai da malamar jinya ta makaranta ta zauna da su aka canja salon kitson, sannan wani ɓangare na gashin ya dawo. Hausawa sun ce ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan kitso ya yi miki zafi, ki faɗa tun kina zaune a gaban makitsiya.

Sai sanƙo na gado, wanda na sani sosai domin yana kaina. Ya fara mini ina da shekara 33, daga tsakar kai, daidai inda na mahaifina ya fara. Ɗalibaina sun riga ni ganinsa, tunda su ke kallon ƙeyata duk lokacin da na juya ina rubutu a allo. Na je wurin likitan fata, ya bayyana mini cewa wani sinadari na maza da ke cikin jini ne ke sa tushen gashi ya riƙa ƙanƙancewa a kan waɗanda suka gaji abin. Gashin sai ya riƙa fitowa siriri, gajere, har ya daina fitowa. Mata ma suna samun irinsa, sai dai nasu yakan zama raguwar gashi a tsakiyar kai.

Maganin shafawa da likitoci suka fi amincewa da shi a nan shi ne minoksidil. Asalinsa ƙwayar maganin hawan jini ce ta kamfanin Upjohn na Amurka. Sai aka lura cewa masu shan ta suna yin gashi fiye da da. Daga nan aka mayar da shi ruwan shafawa, kuma a 1988 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince a sayar da shi da sunan Rogaine. Yau ana samun mai ƙarfin kashi 2 da mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari. Ana shafa shi a fatar kai, inda tushen yake, bayan kai ya bushe.

Amma maganin yana da sharuɗɗa, kuma mai talla a cikin bas ba zai faɗa maka su ba. Ba a ganin amfaninsa sai bayan wata uku zuwa shida. A makonnin farko ma gashi yana iya ƙara zuba kafin sabo ya fito. Ba kowa yake yi wa aiki ba, kuma ya fi taimakon wanda sanƙonsa bai daɗe ba. Yana iya sa ƙaiƙayi, idan kuma ya gangaro fuska gashi yana iya fitowa a wurin. Mai ciki da mai shayarwa ba sa amfani da shi, haka nan wanda bai kai shekara 18 ba, sai da izinin likita. Babban sharaɗin shi ne, duk ranar da aka daina shafawa, gashin da aka samu zai zube cikin 'yan watanni.

Da na ji wannan bayani, na lissafa kuɗin kwalba ɗaya, na dubi albashina, sai na zaɓi aski da hula. Wani abokin aikina ya zaɓi maganin. Shekararsa shida ke nan yana shafawa safe da dare, tsakar kansa kuwa ta ɗan cika. Ban ga laifinsa ba, bai ga nawa ba, domin kowannenmu ya san abin da ya zaɓa.

Za ka iya tambaya ta, ina matsayin man kaɗanya, da man kwakwa, da man alayyadi, waɗanda kakanninmu suka daɗe suna shafawa? Suna da amfani ƙwarai. Suna tausasa gashi, suna hana shi bushewa da karyewa, musamman lokacin hunturu. Gashin da ba ya karyewa kuwa yakan yi tsawo. Sai dai gyaran silin gashi daban, farfaɗo da tushensa daban. Ka shafa su don abin da suke iya yi.

Idan ka ga gashinka yana raguwa, fara da yi wa kanka tambaya. Yaushe ya fara? Daga wane gefe? Akwai ƙaiƙayi ko ƙuraje? Na yi rashin lafiya kwanan baya? Akwai mai irinsa a gidanmu? Ka kai amsoshin nan wurin likita ko malamin jinya na makarantarku. Idan an rubuta maka magani, ka saya a kantin magani mai rajista, ka duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aikinsa. Kada kuma ka yi wa ɗan ajinku dariya don makero ko sanƙo. Ka nuna masa hanyar asibiti. Matambayi dai ba ya ɓata.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin suma da furfura da sanƙo?
2. Me ya sa man shafawa kaɗai ba ya warkar da makero?
3. Waɗanne alamu ne ke nuna cewa kitso ya yi tsauri?
4. Kawo sharuɗɗa uku na amfani da minoksidil.
5. Bayyana ma'anar karin maganar nan: “Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.”