Ina Naira Za Ta Iya Kai Mu?

Duk ƙarshen shekara, shafukan yawon buɗe ido na intanet sukan fitar da jerin ƙasashen da suka ce sun fi araha ga matafiyi mai ƙaramin ƙarfi. Sunayen ba su cika canzawa ba: Biyetnam, Nepal, Indunusiya, Indiya, wani lokaci a haɗa da Masar ko Maroko. Za a faɗa maka kuɗin kwanon shinkafa a Hanoi da kuɗin ɗakin kwana a Katmandu, duka da dalar Amurka, kuma ba ƙarya suka yi ba. Sai dai wanda aka yi wa lissafin mutum ne da ke karɓar albashi da dala ko fam, yana riƙe da fasfon da ake buɗe wa ƙofa tun kafin ya ƙwanƙwasa. Ni kuwa ɗan Augie ne, da naira ake biya na, kuma daga tashar motar Argungu tafiyata take farawa. Saboda haka dole in yi nawa lissafin, in fara shi daga ƙofar gidanmu.

A 'yan shekarun da na yi ina aikin jarida a wannan kwari na Rima, na lura cewa abubuwa huɗu ne ke cinye guzurin matafiyi: takardun tafiya, kuɗin hanya, canjin kuɗi, da masauki. Jerin da ake wallafawa a intanet na ƙarshen kaɗai yake dubawa, shi da abinci. A wurinmu kuwa ukun farko ne ke karya mutum tun bai bar gida ba.

Mu fara da takarda. Daga 1 ga Satumban 2025, fasfon Nijeriya mai shafi 32 ya koma naira 100,000, alhali mafi ƙarancin albashin da dokar 2024 ta tanadar naira 70,000 ne. Bayan fasfo sai biza. Nepal, wadda ke ba mafi yawan baƙi biza a filin jirgi, ta sa 'yan Nijeriya cikin waɗanda sai sun nemo ta tun kafin su taso. Biyetnam tana bayar da biza ta intanet a kan dala 25, amma babu jirgin da ke tashi daga Nijeriya kai tsaye zuwa can. Sai an ya da zango a Adis Ababa ko Doha, kuma tikitin zuwa da dawowa yakan haɗiye albashin watanni da dama na ma'aikaci mai matsakaicin matsayi. Kafin ka ɗanɗana shinkafar nan mai araha, ka riga ka sayar da gona.

Ga mu kuma da wata dama a hannu wadda yawancinmu ba mu ɗauke ta bakin komai ba. Yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. Ba dole ne ma sai da babban fasfo ba, domin akwai takardar tafiya ta ECOWAS wadda ta fi shi sauƙin kuɗi. Abin da zai rage sai katin rigakafin cutar shawara, wanda ake tambaya a kan iyaka. Wanda ya san yadda gwamnatin Busiya ta kori baƙi daga Gana a 1969, da Hausawa da yawa a cikinsu, da yadda Nijeriya ta yi irin wannan kora a 1983, zai san darajar wannan yarjejeniya. Gaskiya ne Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025, amma ɓangarorin biyu sun bayyana cewa za a ci gaba da barin jama'a su shiga su fita.

Sai batun canji, kuma a nan ne labarin ya yi ɗaci. Sefar da ake kashewa a Nijar da Benin da Togo da Senegal a ɗaure take da kuɗin yuro, a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya. Tun da gwamnati ta saki naira a kasuwa a Yunin 2023, duk faɗuwar da ta yi a gaban yuro ta yi ta a gaban sefa. Jikar sefa, wato sefa 1,000, ta haura naira 2,000 a 2024. Dattawanmu suna tuna zamanin da ɗan Nijeriya ke shiga kasuwar Gaya yana taƙama da nairarsa. Yau 'yan Nijar ne ke zuwa Kamba su yi sayayya suna murmushi. Don haka kada wani ya ruɗe ka da cewa maƙwabtanmu ƙasashe ne masu arahar kaya. Otal a Yamai ko Kwatano zai iya fin na Birnin Kebbi tsada nesa ba kusa ba. Arahar da ke wurinsu ta hanya ce da ta takarda, sai kuma ta jama'a, wadda zan zo kanta.

Nijar ce ta farko a lissafina, kuma dalilin a taswira yake: Yamai ta fi Abuja kusa da Birnin Kebbi. Daga Kamba sai Gaya, daga Gaya sai Doso, inda fadar Zarmakoy take, daga nan sai babban birnin. Wanda ya bi ta Kangiwa kuwa zai iske kansa a Dogon Dutsi, cikin Arawa 'yan'uwan Arawanmu, inda harshe da tuwo da gaisuwa duk irin na gida ne. Karo na farko da na je can, abin da ya fi ba ni wuya shi ne ƙirgen kuɗi, domin a bakinsu dala sefa biyar ce, mai shayi ya ce maka dala ashirin yana nufin sefa 100. Banda wannan, babu inda na ji ni baƙo ne. Mai ƙarin hali zai iya miƙewa gabas zuwa Maraɗi da Damagaram, ya ga fadar sarki da tsohuwar unguwar Birni, duk da Hausar da ya tashi da ita.

Ta biyu ita ce Benin. Gada ɗaya ce kan Kogin Kwara ta raba Gaya da Malanbil, mai babbar kasuwar hatsi da albasa, kodayake rikicin da ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 ya sa an rufe ta, jama'a suka koma ƙetarewa da kwalekwale. Jihar Kebbi tana da tata iyakar da Benin ta Tsamiya a ƙaramar hukumar Bagudo, wadda ke fita Segbana, daga nan zuwa Kandi da Faraku. A kudu akwai fadojin sarakunan Abome, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1985, da Ganbiye, garin da aka gina a kan ruwa. Ɗan Kabi da ya tashi a bakin Matan Fada yana kallon su da gora da homa zai so ya ga yadda wasu masuntan suka mayar da tafki unguwa.

Daga Benin hanya ta buɗe zuwa Togo da Gana, kuma a nan ne tarihi ke shigowa cikin lissafin kuɗi. Fataken Hausa sun yi ɗaruruwan shekaru suna bin wannan hanya ta Bargu da Jugu da Sansanin Mango zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, suna kai kanwa da tufafi suna ɗauko goro. Duk inda ayari ya saba sauka, zango ya kafu, zangon ya zama unguwa. Shi ya sa yau akwai Zango a Lome da Kumasi, akwai Sabon Zango da Nima a Akra, birnin da kakanninmu ke kira Ankara. A waɗannan unguwanni za ka yi sallama da Hausa a amsa maka da Hausa, ka ci wake da shinkafa a bakin titi, ka sami masallaci da mai nuna maka ɗakin haya mai sauƙi. Bature mai yawon buɗe ido yana biyan tafinta da ɗan jagora. Kai kakanninka sun riga sun biya maka da sawayensu.

Wannan tsari na mai masauki shi ne babbar arahar da babu shafin intanet da ke lissafa ta. Misalinsa mafi girma a yau shi ne Kaulaha a Senegal, inda dubban 'yan Nijeriya ke zuwa Maulidi a Madina Baye, garin Shehu Ibrahim Inyas wanda ya rasu a 1975. Da yawa a mota suke tafiya rukuni-rukuni, a haɗa kuɗin mai, a yi girki tare, a sauka a gidajen 'yan'uwa almajirai. Tafiya ce mai nisa da gajiya, amma ta nuna cewa manomi da ɗan tireda suna iya ƙetare ƙasashe da dama idan suka haɗa kai. Sai dai masauki yana da haƙƙinsa. Ba a zuwa hannu rabbana. Shinkafar Kebbi ko busasshen kifin Argungu tsaraba ce da ake karɓa da farin ciki a ko'ina. Ba a kuma daɗewa har a gundiri mai gida. Wanda ya sauke ka a Kumasi yana da haƙƙin shimfiɗa a gidanka ranar da ya zo bikin kamun kifi, domin zumunta a ƙafa take, kuma ƙafar ba ta mutum ɗaya ba ce.

Akwai kuɗi biyu da ba a rubuta su a tikiti. Na farko shi ne na shingayen hanya. Na taɓa ƙirga tsayawa fiye da goma a tafiyar da ba ta kai rabin yini ba, kuma a kusan kowace akwai hannun da ke jiran wani abu ko da takardunka sun cika. Maganin da na gani yana rage shi shi ne cikakkun takardu, ƙananan kuɗi a aljihu daban, da haƙuri. Na biyu ya fi nauyi, shi ne tsaro. Mu mutanen Augie ba ma bukatar a ba mu labari: a Nuwamban 2024 Lakurawa suka kai hari Mera, aka rasa rayuka. Dazukan da ke tsakaninmu da Nijar, da yankin Tillaberi, da arewacin Benin wajen gandun dajin W, duk sun shiga cikin wannan fitina. Ko raƙuman dawan Kure, kusa da Yamai, waɗanda a da kowane matafiyi ke tsayawa kallo, sun rasa baƙi tun harin Agustan 2020. Hanyar daji da ɗan acaɓa zai ce maka ta fi kusa kuma ba a biyan kowa, ita ce mafi tsada a cikin hanyoyin duka. A bi babbar hanya, a bi ta da rana, a shiga ta ƙofar da ake buga hatimi, a kuma tambayi direbobin tasha halin da ake ciki a daren da za a tashi, domin labarin makon jiya ya riga ya tsufa.

Me ya sa ma za a damu da tafiya a wannan hali na tsadar rayuwa? Ina da abokan aiki masu digiri biyu da suka san unguwannin Landan ta waya, amma ba su taɓa taka Doso ba. Idan aka zo muhawara kan rufe iyaka, ko farashin shinkafa da albasa, ko dalilin da ya sa matasa ke shiga daji, sai ka ji suna magana kan maƙwabta kamar mutanen wata duniya. Zuwa da kai ya fi saƙo. Malamin makaranta ko ma'aikacin lafiya ko ɗan jarida da ya kwana uku a Dogon Dutsi zai dawo da fahimtar da ba a samunta a taron bita.

Idan ƙanina ya zo yau da ɗan abin da ya tara yana neman shawara, zan ce ya fara neman takardar ECOWAS da katin rigakafi, ya canza kuɗinsa a wurin wanda aka sani kafin ya ƙetare, ya ware na komowa a inda hannunsa ba zai kai ba da sauƙi. Sannan ya tambayi dattawan gida ko akwai wani namu a Gaya, ko Faraku, ko Kumasi. Da wuya a rasa. Inda aka ambaci suna aka ba shi lambar waya, can ya kamata ya fara zuwa.