Ziyarar Kifin Shak a Monako

Gidan tarihin teku na Monako, wanda Yarima Albert na ɗaya ya buɗe a 1910, yana bisa wani dutse ne da ya leƙa Bahar Rum, dab da iyakar Faransa. Can muka je a 2013, shekarar da aka shirya baje koli na musamman a kan kifin shak, wanda Faransawa ke kira requin.

'Yan uwa, mun shiga ne da tsoron da finafinai suka cusa mana. Sai ga yara sun kewaye wani kwarmin ruwa suna shafa bayan ƙananan shak. Mu ma muka miƙa hannu: daga kai zuwa wutsiya sumul, in an juyo kuwa kaushi kamar dutsen wasa wuƙa.

Lissafin da muka tarar ya fi haƙoran ban tsoro. Mutanen da shak ke kashewa a shekara da wuya su haura 10, alhali ɗan Adam na hallaka kimanin miliyan 100 daga cikinsu. Da yawa saboda fukafukansu ne, da ake miya mai tsada da su a Sin. Akan yanke su, a jefa kifin teku da ransa. Wannan, a ganinmu, ko mahauci ba zai yarda da shi ba. Ga shi kuma shak ba ya saurin hayayyafa: wasu sukan shekara fiye da 10 kafin su haihu, 'ya'yan kuma kaɗan.

A shekarar ce taron CITES na Bankok ya sa wa cinikin iri 5 takunkumi. Duk da haka, binciken IUCN na 2021 ya nuna kashi ɗaya cikin uku na shak da danginsu na fuskantar ƙarewa.