Tsibiran da suka aiko mana da wuri: Lissafin hutun iyali daga Kazaure

Kalmar "kuɗi" da muke wayar gari muna nema, asalinta jam'in "wuri" ce, wato ɗan ƙwanson nan na teku da kakanninmu suka yi ciniki da shi tun kafin zuwan anini da sulai. Mafi yawan wurin da aka ƙirga a kasuwannin Kano da Katsina da Kazaure daga nesa ya fito, daga wasu ƙananan tsibirai da ke tsakiyar Tekun Indiya waɗanda a yau ake kira Maldib. Matafiyin nan Ibn Battuta ya zauna a can wajen 1343, har ya riƙe muƙamin alƙali, ya ga yadda ake tara wurin ana loda wa jiragen ruwa; bayan kimanin shekara goma kuma ya tarar ana kashe shi a Mali da Gao. Da Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, ya iske ana canza dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500.

Yau ciniki ya juya. Tsibiran da suka aiko mana da kuɗinsu, mu ne yanzu ke canza naira zuwa dala domin mu kai musu. A 'yan shekarun nan na lura cewa zancen hutun iyali a tsibiri ya shigo hirar masu hali na yankinmu, musamman 'ya'yan Kazaure da Babura da ke aiki ko kasuwanci a Kano da Abuja. Yara sun ga hotuna a waya: ɗaki a kan ruwa, yashi fari fat, teku shuɗi kamar an rina shi a marina. Ni ma na sha tambaya a gidana, don haka na zauna na yi lissafin tafiyar dalla-dalla, kamar yadda zan duba kundin ɗalibi. Abin da na samo shi nake son in gabatar wa mai karatu, domin hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Abu na farko shi ne hanya. Daga Kazaure sai ka fara cin kimanin kilomita 80 zuwa Kano, sannan jirgi. Babu jirgin da ke tashi kai-tsaye daga Najeriya zuwa Male, babban birnin ƙasar, dole a ya da zango a birni irin su Doha ko Dubai ko Istanbul. Sauka a Male ma ba ita ce isowa ba. Ƙasar tsibirai ce kusan 1,200, kuma tsarinsu shi ne kowane babban otal ya mallaki tsibiri guda shi kaɗai. Daga filin jirgi sai a ɗauke ka a kwale-kwale mai inji, ko a ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa. Wannan ƙaramin jirgi da rana kawai yake tashi, wanda ya sauka da dare sai ya nemi makwanci ya jira gari ya waye. Kuɗin wannan zango na ƙarshe daban ake biyansa, kan kowane mutum. Biza ba ta da wuya, a filin jirgi ake bayarwa ta kwana 30, amma wanda ya taso daga Najeriya sai ya nuna katin allurar rigakafin shawara.

Na biyu shi ne lokaci. Ranin Maldib, lokacin da sama take garau teku kuma ya kwanta, yana kamawa ne daga Disamba zuwa Afrilu, kuma a nan farashi yake kai ƙololuwa. Dogon hutun makarantunmu kuwa yana faɗowa ne daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, daidai lokacin da su ma suke cikin damina da iska. Maigida sai ya zaɓa: ko ya biya tsada a ɗan gajeren hutun Disamba, ko ya samu rangwame a Agusta ya haƙura da hadari.

Na uku, wanda masu talla ba sa faɗa, shi ne girman iyali. An gina waɗannan ɗakuna ne da tunanin miji da mata, sai yaro ɗaya ko biyu. Gidan Bahaushe mai 'ya'ya shida, ga Hajiya kaka da ba za a bari a baya ba, ga ƙanwar matar gida da ke taya reno, ɗaki uku ne ko huɗu. Ɗaki ɗaya a otal na alfarma yana cin ɗaruruwan daloli a dare, wani ya haura dubu. A kan wannan ana ɗora kashi 10 cikin ɗari na hidima, da harajin yawon buɗe ido da ya haura kashi 15 cikin ɗari, da harajin muhalli da ake ƙirgawa kan kowane baƙo kowane dare. Tsibirin kuma babu kasuwa, babu mai shayi a bakin hanya; duk abin da za ka ci ko ka sha a hannun otal yake, a farashin otal. Wanda ya tuna cewa kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a hukumance, kuma ta haura 1,500 a 2024, ya san nauyin kowane sifili a wannan lissafi.

Na huɗu shi ne tarbiyya. Maldib ƙasar Musulmi ce tun 1153, kuma a Male akwai tsohon Masallacin Juma'a da aka gina da dutsen murjani a 1658, wanda ya cancanci a kai yaro ya gani. Sai dai tsibiran otal duniya ce daban, a can ana sayar da giya, shigar baƙi kuma irin ta bakin tekun Turai ce. Tun wajen 2009 aka ba 'yan ƙasa damar buɗe ƙananan masaukai a tsibiran da mutane ke zaune, irin su Maafushi, inda babu giya, ana jin kiran salla, farashi kuma ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ga iyali irin namu, a ganina wannan ne zaɓin da ya fi dacewa, kuma a nan ne yaro zai ga mutanen ƙasar a gidajensu.

Ban kawo wannan lissafi don in hana kowa tafiya ba. Wanda Allah Ya hore wa, ya sauke haƙƙoƙin da ke kansa, ya je ya gani, tafiya mabuɗin ilmi ce. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tarihin yadda waɗannan tsibirai suka zama abin da suka zama. Har zuwa farkon shekarun 1970, Maldib ƙasar masunta ce matalauta, babu wadataccen ruwan sha, babu lantarki a yawancin tsibirai, babu ƙasar noma ta a-zo-a-gani. A 1972 aka buɗe masaukin baƙi na farko, Kurumba, da ɗakunan da aka yi wa jinka da ganyen kwakwa. A 2024 baƙin da suka shiga ƙasar sun kai miliyan biyu, ninki uku da wani abu na yawan mazaunanta. Yashi da teku suna nan tun zamanin Ibn Battuta. Abin da aka ƙara a cikin shekara hamsin shi ne tsari: tsafta, tsaro, cika alkawari, da ma'aikacin da ya san yadda ake karɓar baƙo. Wannan ci gaba ma yana da nasa ciwon. Akwai tsibiri guda, Thilafushi, da aka mayar juji tun 1992, kuma ƙasar ba ta fi mita ɗaya da rabi a saman teku ba a matsakaici, abin da ya sa Shugaba Mohamed Nasheed ya yi zaman majalisar ministocinsa a ƙarƙashin ruwa a 2009 domin ya ja hankalin duniya kan sauyin yanayi.

Da wannan tunani nake kallon yankinmu. Mai son ya fahimci abin da nake nufi ya bi hanyar Kano zuwa Daura a tsakiyar Agusta. Da zarar ka wuce Dambatta ƙasa za ta fara tashi, sai ga duwatsun Kazaure sun bayyana a jere, sun yi kore shar. Masana duwatsu sun san wannan jeri sarai, suna nazarinsa da sunan garin. Masu tarihin baka kuma suna cewa wani maharbi ne ya iske wurin a kewaye da tuddai ya ce yana kama da zaure, daga nan sunan ya samo asali. Masarautar tana ƙirga tarihinta daga 1819, zamanin Ɗantunku, wanda ya ja daga da Sarkin Kano Ibrahim Dabo, kuma ɗansa Dambo ne ya gaje shi. Wanda ya hau ɗaya daga cikin tuddan ya leƙo garin, zai gane abin da ya sa mayaƙi zai zaɓi irin wannan wuri, darasin da allon aji ba zai iya bayarwa ba. A gefen gari ga madatsar ruwa ta Muhammadu Ayuba, inda da yamma masunta ke jan koma, balbelu na komawa makwanci, inuwar dutse tana sauka a kan ruwa.

Daga nan ka nausa Roni, ƙasar duwatsu da kwazazzabai, inda gonaki ke ratsa tsakanin tuddai, makiyaya kuma ke hawa da awaki inda mota ba ta zuwa. Ka zarce Gwiwa a kan iyakar Katsina, ka ga gero da dawa sun fi tsayin mutum, ga kuka ta yi ganye, ga gawo ya zubar da nasa kamar yadda ya saba yi da damina. Yaron da ya tashi a Abuja, nuna masa gawo tsirara a tsakiyar kore ka tambaye shi dalili, ka ba shi aikin tunani na yini guda. Idan ka juya gabas zuwa Babura, wadda ke ƙarƙashin masarautar Ringim, sai duwatsu su ɓace, ƙasa ta shimfiɗe ta zama jigawa, ta riɗi da gyaɗa da zoɓo, ga iskar Nijar tana kaɗowa daga arewa. Cikin yini biyu ka ratsa dutse da ruwa da rairayi, ba ka nemi biza ba, ba ka canza ko dala ɗaya ba.

To amma a faɗi gaskiya, mai iyali da ya yi wannan zagaye zai gamu da tambayoyin da ba su da amsa mai daɗi. Ina zai kwana da mata da yara hankali kwance, da ruwa da wuta har safe? Ina makewayi mai tsafta a bakin ruwa? Idan yara suna son shiga kwale-kwale, ina rigar kariya? Wa zai hau dutse da su ya ba su tarihin wurin daidai, ba tare da ƙari ba? Wane allo ne zai gaya wa baƙo sunan tudun da yake kallo? Waɗannan ƙananan abubuwa su ne ainihin abin da ake saya da tsada a Maldib. Babu ɗaya daga cikinsu da ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma, ko ɗan kasuwa guda mai niyya.

Kuma lokacin yin wannan tunani ya yi. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, ta Kazaure ya ratsa. Duk ranar da jirgi ya fara jigila, miliyoyin mazauna Kano za su samu duwatsu da ruwa a ɗan taƙin da za su je su dawo a yini. Yankin kuma ba ya rasa masu ilmi: ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a Kazaure, ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021. Mu malaman manyan makarantu akwai aikin da ya rataya a wuyanmu. Ɗalibanmu za su iya zana taswirar hanyoyin hawa duwatsun Roni, su tattara tarihin garuruwa daga bakin dattawa tun suna raye, su rubuta sunayen itatuwa da tsuntsayen bakin madatsa da Hausa. Masarauta tana da hawan Salla da tarihin fada da za ta tsara wa baƙi. Gwamnatin Jigawa kuma nata shi ne hanya da tsaro da hana zubar da shara da fasa dutse barkatai a wuraren da ya kamata a killace. Darasin Thilafushi ya isa ya gargaɗe mu cewa a tanadi inda shara za ta tun kafin baƙi su zo.

Ga maigidan da ke riƙe da takardar lissafi a yanzu, shawarata ita ce ya rubuta komai kafin ya biya ko kwabo: jirgi, zangon ƙarshe, ɗakuna, abinci, haraji, da abin ko-ta-kwana na rashin lafiya. Ya ajiye wannan jimla kusa da kuɗin makarantar zango mai zuwa. Idan ta ɗauku ba tare da bashi ba, Allah Ya kiyaye hanya, ya kuma ware yini ɗaya a Male domin yara su ga masallacin murjani su ji labarin wuri. Idan ba ta ɗauku ba, daidai ruwa daidai tsaki. Ko ta ɗauku ko ba ta ɗauku ba, ya fara kai su Kazaure da Roni a wannan daminar, domin yaron da zai tsaya a gaban ɗan Maldib a tambaye shi yadda ƙasarsu take, ya kamata ya kasance ya taɓa hawa dutsen garinsu ya gan ta da idonsa.